Fim Ya Ajiye Wa Kano Hotonta: Su Babura Da Kazaure Fa?

A Babura, yaro kan san Dutsen Dala tun bai taɓa shiga motar Kano ba. A fim ya san shi. Tun zamanin kaset, da zarar darakta ya so ya nuna cewa an shigo birni, sai a hasko Dala ko Goron Dutse, a zagayo ta badala, a nuno wata ƙofa 'yan acaɓa na ta shige da fice, sannan a faɗa cikin labari. 'Yan kallo ba su cika kula da wannan ba. Jira suke jarumi ya fito, ko a sako waƙa.

To amma mai karatu, a yau waɗannan 'yan hotunan na cike gurbi sun fi wasu labaran daraja. Dalili kuwa, Kanon da ke cikinsu ta sauya. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Wadda ke wurin yanzu sabon gini ce. Ƙofar Nasarawa ta samu gadar sama. Su kansu 'yan acaɓar, a 2013 aka hana su ɗaukar fasinja a birnin. Shataletalen Gidan Gwamnati da aka ƙawata a 2017 don bikin cikar jihar shekara 50, shi ma an kwantar da shi a watan Yunin 2023. Duk mai kyamarar da ya ɗauki waɗannan wurare kafin nan, tarihi ya ajiye, ko da kuwa shi a lokacin neman na cefane yake yi.

Shi ya sa Bakanon da ke Legas ko Jidda zai tsayar da tsohon fim, ya nuna wa 'ya'yansa allo, ya ce ga hanyar unguwarsu nan.

Abin da ya shafi 'yan kallon Babura shi ne wannan. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, Babura da Kazaure duk a cikin Jihar Kano suke. Sai ran 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa. Jiha ta rabu, amma kyamara ba ta biyo su ba. Furodusoshi na Kano, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata, lokeshin kuma in an yi nisa a je Tiga. Alhali ga dam ɗin Kazaure da tsaunukan da suka kewaye garin, ga duwatsun Roni, ga hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Kazaure, ga hanyar Babura mai miƙewa iyakar Nijar. Da wuya ka ga an hasko su, balle a kira sunansu.

Yanzu ma da aka koma masu dogon zango, yayin ƙagaggen gari ake yi: Daɗin Kowa na tashar Arewa24 garin labari ne, haka jihar Alfawa ta Kwana Casa'in. Suna da daɗin kallo, babu musu, sai dai ba wanda zai nuna ya ce nan aka haife shi.

Su kuwa tsofaffin kaset ɗin da ke ɗauke da tsohuwar Kano, da yawansu suna jibge a kwalaye, zafi da ƙura na cin zarensu, na'urar kunna su ma sai an tona.