Faransa: Yadda hawan keke yake a bakin kogin Seine na birnin Paris

A tsakiyar birnin Paris akwai wata hanya da ke bin gaɓar kogin Seine, wadda a da motoci kaɗai ke bi, yau kuma ta zama ta masu keke da masu tafiya a ƙafa. An buɗe ta a shekarar 1967 domin motoci su riƙa ratsa birnin da sauri, daga baya kuma aka sa mata sunan Georges Pompidou.

Canjin ya faro ne a 2013, lokacin da magajin gari Bertrand Delanoë ya hana motoci bin kilomita 2,3 na gaɓar hagu. A watan Satumba na 2016 majalisar birnin, ƙarƙashin magajiya Anne Hidalgo, ta rufe wasu kilomita 3,3 a gaɓar dama, inda motoci kimanin dubu 43 ke wucewa kowace rana. Masu motoci da hukumomin garuruwan kewaye sun kai ƙara, har kotu ta soke matakin a watan Fabrairu na 2018. Sai ma'aikatar magajin gari ta fitar da wata sabuwar doka, ta kafa hujja da kare wurin, tunda UNESCO ta saka gaɓar kogin cikin kayan tarihi na duniya tun 1991. A wannan karon kotu ta amince.

Ga mai keke, amfanin a fili yake. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara sai wurin shiga da fita, babu fitilar tsayar da motoci, babu kuma fargabar a banke mutum. Har ramin da ke ƙarƙashin ƙasa kusa da lambun Tuileries yanzu kekuna ke bi.

Amma hanyar ba ta masu keke kaɗai ba ce. Masu tafiya a ƙafa ne ke da fifiko, don haka dole mai keke ya rage gudu. Da sassafe ana tafiya sumul, amma ranar Lahadi da yamma wurin kan cika da iyalai da yara da masu motsa jiki. A watannin Yuli da Agusta kuma ana jera kujeru da rumfuna na shaƙatawa, bikin da ake yi tun 2002, sai hanyar ta ƙara matsewa. A wasu wurare daɓen na duwatsu ne, yana jijjiga keke, yana kuma santsi idan an yi ruwa.

Babbar matsala ita ce cikar kogi. Hanyar tana ƙasa, daf da ruwa. Da zarar ma'aunin da ke gadar Austerlitz ya haura mita 3 da ƴan kai, sai a fara rufe ta sashe-sashe, galibi a lokacin hunturu. A watan Yuni na 2016 ruwan ya kai mita 6,10, a Janairu na 2018 kuma ya kusa mita 6. Ko ruwan ya janye, sai an kwashe taɓo kafin a buɗe. A irin wannan lokaci ma'aikata da masu kai saƙon abinci kan keke sukan koma titunan sama, kamar titin Rivoli, wanda aka ware mafi yawansa ga kekuna da motocin haya tun 2020.

Dokar hanya tana aiki a nan kamar ko'ina a Faransa. Wajibi ne keke ya kasance da birki da ƙararrawa da fitila. Yaron da bai kai shekara 12 ba sai da hular kwano. Wanda aka kama yana waya ko ya toshe kunne da abin sauraro yana tuƙi, tararsa yuro 135 ce, wato sama da jika 88 na sefa.