Gilashin da ke cijewa da la'asar

Gilashin ƙofar direba ne kaɗai ke wannan hali, sauran ukun lafiyarsu ƙalau. Da safe, in maƙwabcina ya fito daga unguwar Takur a Dutse zai tafi aiki sakatariyar jiha, yana danna maɓalli gilashi zai sauka ya hau ba gardama. Amma in motar ta wuni a rana aka tashi aiki da la'asar, sai ya sauka salin-alin, wajen hawa kuma ya kai rabi ya cije. Duk dannawar da za a yi masa ba ya ko motsi. Can bayan magariba, ba wanda ya gyara shi, ana dannawa sai ya hau abinsa. A majalisarmu har an fara tsokanar mai motar, wai gilashinsa ma'aikacin gwamnati ne, ƙarfe huɗu yake tashi.

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2008, wadda ake wa laƙabi da Muscle, 'yar Kwatano. Abin ya faro ne a ƙarshen hunturu, ya tsananta da shigowar bazara, lokacin da zafin Dutse kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Wanda bai taɓa kwana da buɗaɗɗen gilashi ba zai ce ƙaramin abu ne. Mai motar kuwa ba ya iya barinta a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci hankalinsa kwance, ga damina tafe.

Zargin farko kan fis ya faɗa, don shi ne mafi arha. Ba a daɗe a kansa ba: fis in ya ƙone ya ƙone ke nan, ba ya warkewa da magariba.

Daga nan sai gareji. Mai wayarin ɗin farko ya saurari labari, ya danna sau biyu, ya ce, "Alhaji, injin gilashin ne ya gaji." Aka yi waya Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, aka ba direban motar haya saƙo, ya biyo da shi ta Wudil da Kwanar Huguma. A nan aljihu ya fara ji. Kayan mota kusan duk daga waje suke zuwa, sabo ko ɗan gwanjo, kuma dala suke bi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ga kuɗin kaya, ga na aike, ga ladan aiki, kuma ɗan gwanjo ba shi da garanti sai na fatar baki. Aka ɗaura inji, gilashi ya yi 'yan makonni yana aiki, sannan wata la'asar ya sake cijewa a daidai inda ya saba.

Sai aka koma kan maɓalli, kuma wannan zargin yana da makama. A watan Oktoban 2012 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 7.4 a duniya saboda babban maɓallin gilashi na ƙofar direba, wanda aka ce ba a shafa masa giris daidai ba a masana'anta, har yana iya yin danƙo ko ya ɗau zafi ya narke. Camry ta 2007 zuwa 2009 tana ciki. A Oktoban 2015 aka sake kiran wasu miliyan 6.5 kan matsala makamanciyarta. Motar da ta yi hannu biyu ko uku a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa, ba lalle ne mai ita na wancan lokacin ya kai ta gyaran kyauta ba. Don haka aka sayo wani maɓallin. Kwana biyu tsakani, ciwo ya dawo.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a yi tunani, amma ɗabi'ar garejinmu ita ce a yi ta sauya kaya har a dace, kuma mai mota ke biyan kuɗin kowace caca. Mai wayarin ya fara maganar a sauya dukkan ƙarfen da ke ɗaga gilashin. Maƙwabcina ya ce a dakata.

Wani direba da ke jigila tsakanin Dutse da Birnin Kudu ya kwatanta masa wani dattijon mai wayarin. Da safe muka je tare. Dattijon bai taɓa motar ba, tambaya kawai ya yi: yaushe yake tsayawa, wajen hawa ko wajen sauka, kuma kafin ya tsaya akwai wata ƙara? Da ya ji amsa sai ya ce, "Malam, yanzu kun kawo min mai lafiya. Ku ajiye ta a rana, ku dawo bayan la'asar."

Da muka koma, ya fara da wayoyin da ke bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota. Buɗe ƙofa da rufe ta shekara da shekaru yakan karya wayar daga ciki alhali bawonta lafiya, kuma ƙofar direba ta fi kowace shan wahala. Ya sa yaronsa ya riƙe maɓalli, shi kuma yana buɗe ƙofar yana rufewa, yana murza robar da hannu. Ba abin da ya sauya. "Da waya ce," in ji shi, "da ƙofa za ta riƙa bi, ba agogo ba."

Sai ya kunna fitilar rufin mota, ya murza makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya ce mu zuba wa fitilar ido. Ya danna hawa. Gilashi ya taso a hankali yana kuka, fitilar ta dusashe sosai, ya kai rabi ya tsaya, fitilar ta dawo da haskenta. Ya sake dannawa, wannan karon fitilar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Bayaninsa shi ne ya buɗe min kai. Dusashewar fitila na nufin wuta tana isa injin gilashin, kuma injin yana zuƙarta fiye da ƙima, wato yana kokawa da wani nauyi. Ke nan fis da maɓalli da waya duk sun fita daga zargi. Rashin ƙiftawarta a karo na biyu kuma na nufin injin ya yanke wa kansa wuta. A cikin irin wannan ƙaramin inji akwai wani ɗan abu da ke katse wuta in zafi ya yi yawa, don kada ya ƙone, in ya huce kuma ya haɗa da kansa. Da safe cikin ƙofa da sanyi, injin yana da sararin yin kokawa ya gama kafin ya kai wannan zafin. Da la'asar ƙarfen ƙofa ya sha rana, injin ya riga ya ɗau zafi tun kafin a taɓa shi, ɗan yunƙuri kaɗan ya ishe shi. Wajen sauka kuwa nauyin gilashi yana taya shi. Maganar agogo ta warware. Saura a san da me yake kokawa.

Ya ɓalle marfin ƙofar. Abu na farko da ya nuna mana shi ne babu ledar nan da kamfani ke liƙawa a bayan marfi, wani ya taɓa yage ta bai mayar ba. Ya raba gilashin da ƙarfen da ke ɗaga shi, ya danna maɓalli: ƙarfe ya yi sama ya yi ƙasa sumul. Sannan ya ce maƙwabcina ya ja gilashin sama da hannunsa. Sai da ya sa hannu biyu yana nishi.

Dattijon ya zura yatsa cikin robar da gilashi ke bi a gefe da gefe, ya fito da shi baƙi ƙirin, da wani kwaɓi mai danƙo da tsakuwa-tsakuwa. Ya shinshina, ya miƙo mana. Warin baƙin mai.

"Wa ke zuba masa?"

Maƙwabcina ya rantse bai taɓa ba. Ya yi shiru, can ya tuna: a tsakiyar hunturu gilashin ya fara ƙara, ya yi ƙorafi a wurin wankin mota, washegari ƙarar ta ɗauke. Da muka bi ta wurin, yaron da ke wanke masa bai musa ba, shi a ganinsa ma alheri ya yi. "Wallahi Alhaji, duk wanki sai na ɗiga masa kaɗan."

Man inji yana kumbura irin wannan roba, ya sa ta yi laushi ta matse gilashi. Ya kuma kama duk ƙurar da ta biyo, ita kuwa ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gari ce mai shiga ko'ina. Akwai kuma abin da ya ƙara wa lamarin. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, masu mota da yawa suka daina kunna na'urar sanyi. Maƙwabcina yana cikinsu. Gilashinsa a sauke yake zuwa ƙauye ta Kiyawa da Jahun, hanyar robar a buɗe tana shan ƙura, kuma sauka da hawan da yake yi a wuni ya ninka na da. Sabon injin da aka ɗaura ya ɗan jure ne kawai saboda an goge gilashin ranar ɗaura shi.

Gyaran bai kai sa'a biyu ba. Aka zare robar, aka ga ta kumbura ta wuce wanki, aka sa wata. Aka wanke gilashi da ruwan sabulu, aka fesa man silikon, wanda ke bushewa ba ya danƙo, aka buɗe ramukan da ke zubar da ruwa a ƙasan ƙofa, aka liƙa sabuwar leda. Kuɗin duka bai kai na maɓallin nan shi kaɗai ba.

Dattijon ya ce a nemo tsohon injin da tsohon maɓallin, yana kyautata zaton lafiyarsu ƙalau, ko sayar da su aka yi a rage asara. Maƙwabcina ya koma garejin farko. Maɓallin yana nan cikin akwatin tarkace, ya karɓo. Injin kuwa, mai wayarin ya sosa ƙeya ya ce ai tuni ya ɗaura wa wani mai Camry daga Jahun, kuma har yanzu bai dawo da ƙorafi ba.