Kuɗi da Firgita: Yadda Majinyaci ke Zaɓen Magani a Salaga da Yendi da Bawku

Ɗalibin da ya saurari Hausar zangunan arewacin ƙasar Gana zai sha jin an tambayi marar lafiya, "Yaya jiki?" shi kuma ya amsa, "Da sauƙi," alhali ko tashi ba ya iyawa. Wannan takarda za ta duba abin da ke ƙarƙashin wannan amsa. A ganina, yawancin jinkirin zuwa asibiti lissafi ne da majinyaci ya yi, kuma kuskure ne a kira shi jahilci.

Mu fara da kuɗi. A shekarar 1985 gwamnatin Gana ta ɗora wa majinyata kuɗin asibiti sosai, sannan a 1992 aka shiga tsarin "kuɗi hannu, magani hannu", wato ba a ba mutum magani sai ya biya. A 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma daga 2008 aka ɗauke wa mata masu ciki kuɗin shiga. To amma katin inshora a kan sabunta shi ne duk shekara, kuma ba ya biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa Salaga, ko abincin mai jinya, ko kwanakin da manomin doya zai yi bai leƙa gona ba. Mai kemis kuwa yakan sayar da ƙwaya biyu kacal, har ya ba da bashi. Malam ma yakan ba da rubutun sha, a kawo sadaka in an samu. Wato abin da talaka ke aunawa shi ne inda za a karɓi ɗan abin da ke hannunsa yau, ba tare da an kunyata shi ba. Wannan kunya ta rashi tsohon zance ce a yankin: Alhaji Umaru, malamin da ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi, ya yi waƙa a kan talauci da wadata.

Firgita ta fi wuyar bayani, domin Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara ciwon da tashin hankali ke bari a zuciya. A kan ce razana, ko faɗuwar gaba, ko yawan tunani. Garuruwan nan uku sun ga abin da ke haddasa ta. Yaƙin 1994, wanda aka yi wa laƙabi da yaƙin zabo, ya shafi yankunan Salaga da Yendi, ya raba dubban mutane da gidajensu. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi ya yi ta tashi, kamar a 2001 da 2007 da kuma 2021, aka riƙa sa dokar hana fita, har aka taɓa hana maza hawan babur. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a irin wannan hali, ungozomar unguwa za a kira. Ko bayan ƙura ta lafa, wanda ya taɓa tserewa da ransa yakan ƙi bin hanyar asibiti in ta ratsa unguwar da yake tsoro.

Shi kansa wanda ya firgita ba kasafai yake ɗaukar rashin barci da mugun mafarki a matsayin ciwon asibiti ba. Iyali sukan ce iska ce ko sammu, sai a nufi malam ko boka. Ko da sun so likita, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku, wato na Akara da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Ga kuma tsoron a ce "mahaukaci", kalmar da in ta manne wa gida, har auren ’ya’ya takan hana. Saboda haka idan ya je asibiti, ciwon kai ko ciwon ƙirji zai faɗa wa likita, a ba shi ƙwaya ya koma gida.