Neman Sawun Kakannin da Suka Je Yaƙin Burma

A gidaje da dama na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, idan hira ta kai kan kakanni, za ka ji an ce wane ya yi soja a zamanin Turawa, har ya je Burma. Ka tambayi bataliyarsa, ko shekarar da ya tafi, ko inda aka binne ɗan'uwansa da bai dawo ba, sai kowa ya yi shiru. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma yanzu furfura ta kama su. Jikan da ke son sanin gaskiyar lamarin sai ya bi takarda, takardun kuwa a warwatse suke tsakanin Kaduna, Lakwaja, Landan da ƙasan adakar wata tsohuwa.

Kafin komai a tantance wane yaƙi ake nufi, domin a bakin dattawa labarai kan cakuɗe. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun yi yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, sun je Kwango a 1960, sannan ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Akwai kuma diban gwamna, aikin tilas da aka kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942. A ƙasar da ta san kuza kamar Riruwai, mai bincike ya yi hattara: mutumin da aka ce "gwamnati ta ɗauke shi lokacin yaƙi" mai yiwuwa bai taɓa sa kaki ba, kuma ba za a same shi a rajistar soja ba.

Waɗanda suka je Burma sun tafi ne cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1943. Wajen mutum 90,000 ne daga wannan yanki aka kai Indiya da Burma, akasarinsu 'yan Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki. Ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 na Najeriya an ware su suka shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan sansanin Japan, kuma daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo suna. Idan aka tarar da tsohon baje a gida, a duba shi da kyau. Baƙin gizo-gizo a kan ɗorawa alamar runduna ta 81 ce. Masu biyu da aka gicciye a kan gammo ta 82 ce. Gammon nan yana da dalili: dubban sojojin 'yan dako ne, su suka ɗauki harsasai, abinci da majinyata a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Jikan da ya gano kakansa ɗan dako ne kada ya ji an rage masa daraja, don da babu su da rundunar ba ta motsa ba.

Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Akawun soja kan rubuta sunan yanka ya haɗa da sunan gari, shi ya sa jerin sunayen ke cike da Musa Kano da Garba Zariya. Mutumin ƙauyen Kiru zai iya zama "Kano" a takarda, sunan mahaifinsa bai fito ba sam, Muhammadu ya koma Momo, Audu ya koma Awudu. Lambar soja ce ke raba gardama. Ta 'yan Najeriya a yaƙin duniya na biyu takan fara da NA, kuma tana rubuce a takardar sallama da takardun fansho. Yawancin lambobin yabo na wannan yaƙin, har da tauraron Burma, Ingila ta raba su ba tare da ta zana sunan kowa a jiki ba, amma na yaƙin duniya na farko suna ɗauke da suna da lamba.

Abin takaici, wanda ya mutu ya fi sauƙin samu a kan wanda ya dawo. Hukumar CWGC, mai kula da kaburburan sojojin Kwamanwel, tana da rumbun sunaye a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta da wayarsa, da suna ko da lamba. Maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon tana da kaburburan 'yan Afirka ta Yamma, kuma a cikinta akwai ginin tunawa mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Duk da haka rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai yi yaƙi ba. A 2021 binciken hukumar kanta ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa.

Wanda ya dawo da rai, ana fara neman bayanansa a ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, da hukumar fanshon soja a Abuja, da ofishin adana bayanan sojojin ƙasa a Lakwaja, musamman idan ya ci gaba da aiki ko ya yi yaƙin basasa. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin Lardin Kano. A can a nema da sunan gundumar hakimi ta wancan zamani, domin ƙananan hukumomin yau ba su wanzu ba tukuna. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, sun buga labaran yaƙin da wasiƙun sojoji. Ma'adanar Ingila da ke Kew tana da littattafan da kowace bataliya a Burma ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum, a rukunin WO 172. Ba kasafai suke ambaton farabiti da suna ba, hafsoshi Turawa suka cika su, amma idan ka san bataliyar kakanka za ka san kogin da ya ƙetare da ranar da aka kai musu hari.

Gara da ɗigon damina suna cin takardun da ke gidajenmu, masu ba da labarin kuma suna ƙarewa. Duk mai takardar sallama a gida ya ɗauki hotonta shafi-shafi, ya zauna da goggo ko baffan da ya ji labarin daga bakin mai shi ya naɗi muryarsa. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da hakimai da dagatai su haɗa hannu da Legion a buɗe rajistar 'yan mazan jiya, gari-gari, da suna da lamba da bataliya, kafin bikin tunawa da su na 15 ga Janairu ya sake zagayowa.