Nasiha ga Mai Niyyar Sayen A-kori-kura

 

Kaka ta yi, kuɗin gero da dawa da wake da riɗi sun fara shigowa, kuma da yawa a cikinmu suna shawarar sayen a-kori-kura don su huta da kuɗin haya. Niyya ce mai kyau. Amma ku sani, mota ko dai ta ciyar da kai, ko kuwa ta cinye maka jari. Ga abin da ya kamata a duba tun ba a taya ba.

Na farko, kayan gyara. Tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka cika ƙasar nan, har kowane bakanike na ƙauye ya san cikinsu. Yau sun tsufa, mai lafiya a cikinsu sai an tona. Toyota Hilux kuwa, wadda Japan ta fara ƙerawa a 1968, ta yi suna wajen juriya, sai dai kuɗinta da nauyi. Kowace ka zaɓa, ka tambayi kanka: in ta tsaya mini tsakanin Gaya da Wudil, akwai mai gyara? Akwai kayanta a Ƙofar Ruwa? In amsa babu ce, bar ta, ko kyauta aka ba ka.

Na biyu, shasi. Fenti ba ya ɗaukar buhu. Ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashinta da tocila. In ka ga tsatsa ta ci ƙarfen, ko an yi walda a tsakiyarsa, ko ya karkace, to, an taɓa karya mata baya da lodi. Ana canza inji, amma shasi in ya tafi, mota ta tafi. Ka duba sifirin na baya, kada a sami tsinkakke ko wanda ya kwanta.

Na uku, inji. Ka je da sassafe, a tayar da ita a gabanka tun tana da sanyi, don inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai ke nan. Fari wanda ba ya ɗaukewa, ruwa na shiga inji. Baƙi kuwa, tana ɓarnar mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ka zaro sandar awon baƙin mai. In ka gan shi kamar shayi da madara, gaskit ya ƙone.

Na huɗu, gwaji da kaya. Kada ka yarda da zagaye fanko. A ɗora buhuna, a bi hanyar rairayi, a ji giya da kuloci da birki. Wanda yake shiga ƙauyuka da damina, mai ja da ƙafa huɗu ta fi masa, amma ta fi shan mai da tsadar gyara. Mai bin kwalta zuwa Dawanau ba ya bukatarta.

Na biyar, takardu. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce, takardar kwastam ta zama ta gaskiya. A rubuta ciniki, a sa shaidu, a yanke la'adar dillali tun farko. Ku tuna, a fiƙihunmu wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da ikon mayarwa in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Dillalai, ku ji tsoron Allah a nan.

Daga ƙarshe, daɗewar mota a hannun mai ita take. Irin waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato buhu goma na kilo 100. Mai loda ashirin don ya rage sawu, ribar ta bakanike ce. A canza baƙin mai a kan kari, a duba ruwan lagireto kowace safiya, a ba direba mai amana. Kuma kada ka zuba jarinka duka a mota, ka rasa hatsin da za ta ɗauko.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu a kan hanya. Wassalam.