Idon Gari Bai Isa Ya Wanke Zuciya Ba

A garuruwan da ke tsakanin Kwaya da Magarya da Dungas, Kirista ba ya ɓuya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a karkarar Damagaram kuwa sai an tona: gida ɗaya nan, gida biyu can, wani malamin lakwal da aiki ya kawo, wata ma'aikaciyar gidan likita. Kowa ya san su da suna, ya san ranar da suke sujada. In ɗayansu ya ci bashi ya yi ƙememe, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi, "Ka ga halin mutanen nan." Shi ya sa mai bi a irin wannan wuri yakan tashi da takatsantsan tun yana yaro. Ba a ganinsa wurin giya, ba a jin ashar a bakinsa, yana zuwa gaisuwar mutuwa, yana kai gudummawar suna.

Duk wannan abin yabo ne, kada a fahimce ni a baibai. Sai dai akwai tarko a ciki, kuma saboda tarkon nake wannan faɗakarwa. Mutumin da idon gari ke kansa dare da rana yana iya shekara arba'in da kyakkyawan suna, alhali abin da ke riƙe da shi kunya ce da tsoron bakin mutane. Ya saba jin ana cewa "wane mutumin kirki ne" har shi ma ya yarda, ya daina leƙa cikinsa. Manomin wake ya san yadda abin yake: buhu na nan a jingine cikin ɗaki, bakinsa a ɗaure, ba ɓula ba yaga, ranar da aka kwance sai a tarar ƙwari sun mai da rabinsa gari.

Yesu bai bar wannan magana a dunƙule ba. Cikin huɗubarsa a kan dutse, a Matiyu sura 5, ya haɗa ganin Allah da tsarkin zuciya. A Markus sura 7 kuma, da malaman Attaura suka tuhumi almajiransa da cin abinci ba su yi wankin hannu irin na al'ada ba, sai ya juya musu zancen gaba ɗaya: abin da ke ɓata mutum daga cikinsa yake ɓuɓɓugowa. Ya jero su, kuma jerin yana da ban tsoro, don ya sa hassada da girmankai da yanke da kwaɗayi a layi ɗaya da kisankai da zina. Tun kafin nan, da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse neman wanda zai zama sarki, tsayi da kwarjinin babban ɗa suka ɗauke masa hankali, aka tuna masa cewa ma'aunin Allah daban yake da na ɗan Adam. Wasiƙar Yakubu ta kawo ciwon a taƙaice: zuciya biyu. Ɗaya tana coci, ɗaya tana wani wuri tana lissafinta. Mai tsarkin zuciya shi ne wanda abin da yake nema gaban Allah da abin da yake nema a kasuwa ba su saɓa ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan zance. Duk wanda ya zauna kusa da majalisin tafsiri cikin azumi ya ji ana gargaɗi a kan riya da hassada da gyaran niyya. Mun bambanta a kan hanyar magani, amma ciwon kowa ya san shi.

Akwai dalilin tarihi da ya sa muka fi kula da waje. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da wurin jinyar kutare na Danja a 1956, aikinsu ya kai har Dungas. Sun zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, sun kuma zo da ƙa'idoji: ban da giya, ban da taba, ban da laya da tsafi, mace ɗaya. Sabon tuba yana bukatar shinge, ba laifi. Amma shinge abu ne da ake gani daga nesa, a hankali sai ya zama shi ne ma'aunin. Har yau a duba abin da ke kai mutum ƙarƙashin horo a ekklisiya: cikin shege, ƙarin aure, maye. Yaushe aka taɓa dakatar da dattijo daga Jibin Ubangiji don ya shekara goma ba ya ga-maciji da ƙanensa a kan gonar gado? Yaushe aka zauna da shugabar zumuntar mata don ta raba mata gida biyu da harshenta? Ekklisiyar da ta fito daga aikin SIM, wato EERN, ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, ta kuma dare a wajen 1990. Ba a kan baftisma ko tashin matattu aka rabu ba. Mutanen da ba sa shan giya, masu mace ɗaya ɗaya, su ne rigimar shugabanci ta ci.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa a fili: da an ce tsarki, sai idanu su koma kan 'yan mata, tsawon zanensu da wanda aka gan su da shi. Wannan ragon azanci ne. Jerin da ke Markus 7 bai ware mace ba, kuma mafi yawan abin da ke ciki maza masu riƙe da kuɗi da mulki sun fi samun damar aikata shi.

In ana son sanin inda zuciya take a ƙasarmu, a je kasuwa da kaka. Tiyar da ake awo da ita in za a saya, ita ce ake fitowa da ita in za a sayar? Tsohon wake na ƙasan buhu, sabo a sama, wa ya koya mana? Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, in ka san tunkiyarka ba ta da lafiya ka miƙa wa dillali ka koma gefe ka yi shiru, wai ai ba kai ka yi ƙaryar ba, to da wa kake wayon? Haka canjin naira da sefa ga tsohuwar da ba ta iya lissafi ba, haka bashin hatsi da ake ba talaka da bazara a karɓi ninki bayan girbi. Littafin Firistoci sura 19 ya sa gaskiyar mudu da ma'auni cikin dokokin tsarki, a sura guda da ƙaunar maƙwabci. Annabi Amos ya yi tir da 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma tauye mudu. Su ma masu ibada ne, ba sa fashi.

Cikin gidan Allah ma gwajin na nan: kuɗin baiko, sunayen da ake rubutawa in tallafi ya zo, wanda ake tura wa kujerar makaranta. Hananiya da Safiratu sun ba da kyauta mai tsoka, ba rowa ta kashe su ba. So suka yi a ɗauka sun ba da duka.

Sai ci-rani. Saurayin da ya bar Kwaya zuwa Kano ko Legas ko Agadas, a karo na farko a rayuwarsa ba mai kallonsa. A can ake gane ko abin da ya riƙe a gida bangaskiya ce ko kunya. Yanzu ma ba sai an hau mota ba, wayar da ke aljihu ta isa ta kai mutum inda ba idon kowa.

Amma abin da na fi jin tsoronsa a kanmu shi ne ƙullaci, don shi ne zunubin da ke zuwa da hujja a hannu. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen da ya fusata Musulmi, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram. Aka ƙone coci-coci da gidajen Kiristoci da cibiyar al'adun Faransa, iyalai da yawa suka fake a barikin soja. Washegari wutar ta kai Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga coci 45 da aka cinna wa wuta. Mutum 10 suka rasa rayukansu a kwanakin biyu. Kiristocin Nijar ba su zana kome ba, yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar ba. Zalunci ne, ba shi da wani suna. Shugabannin ekklisiya, na Katolika da na Bishara, sun fito sun ce an yafe, kuma sun yi daidai.

To amma yafewar da aka faɗa a rediyo daban, wadda ta sauka cikin ciki daban. Ga yadda mutum zai gwada kansa. In masifa ta faɗa wa gidan wanda ka san yana cikin masu ƙone-ƙonen, me ka fara ji kafin bakinka ya ce "Allah ya kyauta"? In kana ba 'ya'yanka labarin ranar, kana haɗawa da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, ko ka share su don labarin ya fi zafi? Ka taɓa jin kanka kana cewa "ai duk halinsu ɗaya"? Wannan ita ce maganar da ke ƙona mu in an yi mana ita. Yafewa ba ta hana neman hakki gaban hukuma, ba ta kuma hana a yi hattara. Abin da take hanawa shi ne ka ajiye ramuwa a rai kana lallaɓa ta, kana kiranta hikima. Yaron da aka shayar da irin wannan zai iya haddace ayoyi ɗari, ya zama shugaban mawaƙa, zuciyarsa kuwa a murɗe tun daga gida.

Ta yaya ake wankewa? Abu na farko, ba da ƙarfin tuwo ba ne. Sarki Dawuda, bayan ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin, bai yi alkawarin gyara kansa ba. A Zabura 51 roƙo ya yi a halitta masa sabuwar zuciya, don ya gane tsohuwar ta wuce faci. Ezekiyel sura 36 ma alkawari ne na abin da Allah zai yi. Bangaskiyar Kirista ta tsaya a kan cewa gafara ta wurin Almasihu take zuwa, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke aikin ciki. Wanda ya manta wannan, ko ya zama mai fahariya ko ya faɗa waswasi. Waswasin ma ciwo ne: akwai 'yan'uwa da ke kwana kuka don wani mugun tunani ya gifta musu. Gwaji ba zunubi ba ne, Yesu kansa an gwada shi. Abin dubawa shi ne ko ka shimfiɗa wa tunanin tabarma.

Sai dai alheri ba ya nufin a naɗe hannu. Masu ibadar hamadar Masar, waɗanda Yohanna Kasiyan ya zauna da su a ƙarshen ƙarni na 4 ya kuma rubuta koyarwarsu, sun ɗauki tsarkin zuciya a matsayin abin da ake auna kowace ibada da shi. A wurinsu azumi da tsayuwar dare kayan aiki ne kawai, in ka fusata da ɗan'uwanka don ya katse maka azumi, ka yi asarar abin da azumin ke nema. Babbar dabararsu ita ce kada tunani ya kwana a ɓoye: ƙarami yakan je wurin dattijo ya faɗi abin da ke yawo a ransa tun bai zama aiki ba. A shekarun 1930, farkawar da ta tashi daga Gahini a Ruwanda ta bazu Yuganda da Kenya ta shahara da abu makamancin haka, har mutane suka riƙa mai da kayan da suka sata shekaru da suka wuce. Zakka mai karɓar haraji ya riga su: ninki huɗu ya ce zai mayar.

A nan sai an yi hankali, don garuruwanmu ƙanana ne, ekklisiyoyinmu sun fi su ƙanƙanta. Maganar da aka faɗa wa mutum uku ta zama ta kasuwa. Mun kuma san gulmar da ke sa rigar addu'a: "'Yan'uwa, mu sa wance a addu'a, kun dai ji abin da ya faru." Saboda haka a zaɓi mutum ɗaya, wanda aka shaida cikinsa na riƙe magana, namiji wurin namiji, mace wurin mace. Fasto ko dattijon da aka ba amana ya kai wa matarsa, ko ya mai da ita misali a wa'azin Lahadi yadda kowa zai gane, ya toshe wannan ƙofa ga ekklisiya duka, kuma shi ya fi cancantar horo.

Mayar da hakki kuwa yana da ƙa'ida. Matiyu sura 5 ta sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko, don haka ba a fanshe zalunci da ƙara kuɗi a faranti. In tiya biyar ta gero ka tauye, tiya biyar za ka kai, ga mai ita, Musulmi ne ko Kirista. In ya rasu, magadansa na nan. In iyakar gona ka tura, a kira waɗanda suka san asalin iyakar a mai da ita gaban shaidu, tun kafin shuka. In sunan wani ka ɓata, wurin waɗanda ka faɗa wa za ka koma ka warware, ba wurinsa kaɗai a ɓoye ba. Amma abin da bai fita daga ranka ba, kamar sha'awar matar wani ko ƙyashin da mai shi bai san da shi ba, kada ka ɗauka ka kai masa da sunan tuba, ka sauke kayanka ka ɗora masa. Wannan tsakaninka ne da Allah da dattijon da ka amince wa.