Layi mai araha ko mai riƙon amana: zaɓin da ke gaban 'yan kasuwar Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa a Arewa ko Sabon Gida cikin gundumar Madawa, ko kuwa a Tamaske ta ƙasar Keita, ya san rabin cinikin ba a bakin buhu ake yin sa ba, a kunne ake yi. Dillali na riƙe da salula yana jin farashin Abijan, mai kaya na neman direban da ya tashi tun shekaranjiya, can gefe kuma wata baiwar Allah mai sayar da gabu da busasshen tumatir tana aika saƙon murya ga mai sarinta a Maraɗi. Idan rezo ya ɗauke a irin wannan lokaci, ba hira aka rasa ba, kuɗi aka rasa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da masu karatunmu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, kan yadda ake zaɓen layin da za a ɗora sana'a a kansa. Lambar ɗan kasuwa yau ta zama tamkar rumfarsa ta biyu, rumfar haya kuwa, domin kamfani ne mai ita. Kuma kowa ya san ba kuɗin haya kaɗai ake tambaya ba idan za a kama rumfa, ana duba ko tana yoyo da damina.

Idan mai karatu bai manta ba, salula ta shigo Nijar ne a farkon shekarun 2000. Kamfanin Celtel da ya fara aiki a 2001 ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, wanda ake kira Moov Africa tun 2021. Orange da ya zo a 2008 ya sayar da harkarsa a 2019, daga nan aka samu Zamani Telecom, ita kuwa gwamnati ta haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 ta kafa Niger Telecoms. Sunaye sun yi ta sauyawa a jikin allunan talla, amma tambayar mai rumfa ba ta sauya ba: idan na kira, zai shiga?

Ba ƙaramin abu ke rataye da wannan tambaya ba. Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: wanda a da sai ya hau mota ya je ya gani, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. A nan jihar Tawa ma, lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba wa mata tallafin jika 22 duk wata har tsawon wata 5 a ƙauyuka 96, wasu a hannu, wasu ta waya da tsarin Zap na kamfanin Zain. Waɗanda suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da bin layi, kuma binciken da aka yi ya nuna cimar gidajensu ta fi inganta.

To amma fa talla daban, ƙasa daban. Buza da Keita ƙasar Adar ce, ƙasar duwatsu da fako da kwaruruka, kuma garake na cikin kwari ne inda ruwa ke kusa, a Magiya ko a Tarka. Igiyar waya ba ta ratsa dutse yadda take gudu a fili. Shi ya sa za ka tarar layin da ke cika taf a kan titin kwalta na Madawa ya zama kurma da an gangara garka, wani kuma da aka raina a birni shi ne ke kamawa a ƙauyukan Karofane ko Ibohamane. Saboda haka ba za mu ce wa kowa kamfani kaza ya fi ba. Wanda ya fi shi ne wanda eriyarsa ke kallon inda kike zama da inda kike ciniki.

Gwajin ba shi da tsada. A sayi mafi ƙanƙantar forfe, ko a ari wayar maƙwabciya mai wancan layi, a jarraba a wuri uku: a rumfa, a gida, da wurin da ake ɗauko kaya. Kuma a yi gwajin ran kasuwa da hantsi, lokacin da gari ya cika, domin eriya kamar rijiya ce, idan masu guga sun yi yawa kowa kaɗan yake samu. Layin da ke gudu da asuba ran da babu kowa bai nuna halinsa ba tukuna. A kula kuma, kira na iya shiga alhali hoto ya ƙi tafiya, don kira na wadatuwa da tsohon rezo na 2G, hoto da bidiyo kuwa sai da 3G ko 4G. Mai nuna wa abokin ciniki na Kumasi launin albasarsa dole ya gwada tura hoton da kansa.

Sai batun araha, wadda Hausawa suka ce ba ta ado. Abin da ya fi cin kuɗin 'yan kasuwa, a namu ganin, shi ne rashin duba wa'adi. A ce an ba ki mega mai yawa a kan kuɗi kaɗan, amma na kwana ɗaya ne, ko kuwa rabinsa garaɓasar tsakar dare ce lokacin da kike barci. Kin biya kuɗin tulu, kin sha moɗa ɗaya, sauran ya zube. Mai saƙon murya da 'yan hotuna ba ta bukatar giga da yawa, abin da take bukata shi ne ƙaramin forfe mai dogon wa'adi, na mako ko na wata. A lissafa abin da ake kashewa a wata, ba na yini ba: dala ashirin kullum, jika uku ce a ƙarshen wata. Sauran ɓarnar daga gida take. Bidiyon da ke sauka da kansa daga zaurukan WhatsApp, da yaran da ke karɓar waya da dare su shiga TikTok, su ne ɓerayen rumbun. Ana iya kashe saukar kai-tsaye a cikin saitin wayar, kowane yaro mai cajin waya a kasuwa ya iya. Haka nan waƙar jiran kira da sauran saƙonnin da ake yanke wa kuɗi kullum, a kira kamfani a ce a cire. Idan an yi ƙorafi ba a saurara ba, akwai hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa.

Akwai kuma ranakun da babu layin da ke tsira. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021 an rufe intanet na salula kusan kwana 10. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar har zuwa Maris na 2024, eriyoyi suka koma dogaro da janareto da hasken rana. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet na jan ƙafa. Darasin da tsofaffin dillalai suka ɗauka shi ne riƙe layi biyu na kamfanoni daban a waya mai gida biyu, da rubuta muhimman lambobi da basussuka a littafi. Mai aika kuɗi ta Nita, Amana ko Al Izza ya riƙe rasiɗinsa na takarda, kada ya ce ai yana cikin waya.

Masu bin hanya suna da nasu lissafin. A ƙauyukan bakin iyaka irin na Bangi, waya kan kama rezon Najeriya ba da sanin mai ita ba, kuɗi ya yi ta tafiya a farashin baƙunta, don haka gara a saita ta a kan layin gida da hannu. Masu raka albasa ta Burkina Faso kuwa su sani cewa a Nuwamban 2024 Nijar da Mali da Burkina sun sa hannu kan yarjejeniyar janye ƙarin kuɗin baƙunta a tsakaninsu. Kafin mota ta tashi, a tambayi kamfani yadda abin yake a kan layin da ake riƙe da shi, da kuma abin da za a biya idan an tsallaka Gana ko Kodebuwa.

Tun Maris na 2025 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a hukumance a Nijar. Shi dutse ba ya tare shi matuƙar farantin na kallon sama, amma yana son kuɗin na'ura, da wuta, da biya duk wata, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan dame shi. Wannan ba kayan mai tire ba ne. Ya fi dacewa da ƙungiyar manoma ko ta masu sari su haɗa kuɗi, ko mai wifi na unguwa da ke sayar da tikiti.

Abu na ƙarshe da muke roƙon iyayenmu mata su duba shi ne sunan da ke kan layin. Da yawa maigida ne ko ɗa ya yanko da katinsa, ran da waya ta faɗi a kasuwa kuwa, kamfani mai sunan kawai ya sani. Idan yaron yana ci-rani a Legas ko Libiya, lambar da masu sari suka sani shekara da shekaru ta tafi ke nan, tare da WhatsApp ɗin da ke kanta. Layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba ma kamfani na iya karɓewa ya ba wani. Hajiya, ki ɗauki katin ɗan ƙasa ki je ofishinsu a mayar da shi sunanki tun kafin rububin kakar albasa na Maris da Afrilu. Idan kuma wani ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo miki ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani yake, ki kashe wayar.